Yadda Aka Koyi Neman Cuta a Cikin Jini

Ɗibar jini daga jijiyar majiyyaci domin a kai shi ɗakin gwaje-gwaje ta zama ruwan dare a asibitocin duniya, har mutane da dama suna ɗauka cewa da ita aka fara aikin likita, alhali kuwa al'ada ce da shekarunta ba su kai ɗari biyu ba. Likitocin tsohuwar Girka, da malaman likitanci na duniyar Musulunci da suka gaje su irin su Ibn Sina, sun ɗauki jini a matsayin ɗaya daga cikin ruwaye huɗu na jiki waɗanda daidaituwarsu ita ce lafiya, amma idan suna son sanin abin da ke damun majiyyaci, bugun jijiyarsa suke taɓawa, sannan su ɗaga fitsarinsa a kwalba su dubi launinsa da abin da ya kwanta a ƙasansa. Jini a wurinsu abin fitarwa ne idan ya yi yawa ko ya ɓaci, kuma wannan fahimta tana nan da ranta a sana'ar wanzamai, waɗanda ke kafa ƙaho su zuƙe abin da ake kira mataccen jini su zubar. Daga lokacin da likitoci suka koma bincikar jini maimakon zubar da shi, ya ba su amsa cikin sauri a kan cututtukan da ke shigowa jiki daga waje, amma ya ja musu rai fiye da ƙarni ɗaya a kan ciwon daji, kuma dalilin wannan bambanci shi ne ƙashin bayan tarihin gaba ɗaya.

Idon ɗan Adam ya fara shiga cikin jini ne ta hanyar maikuroskof, wato na'urar gilasai da ke girmama abin da ido ba ya iya gani. A shekarar 1674 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini da ya gani da gilasan da ya goga da hannunsa, sai dai an shafe kusan shekara 170 wannan gani bai amfani wani majiyyaci ba, domin babu wanda ya san abin da ya kamata a nema. A 1845 John Hughes Bennett a Edinburgh da Rudolf Virchow a Balin, kowannensu ba tare da sanin aikin ɗayan ba, suka ba da bayanin mamatan da jininsu ya cika da fararen ƙwayoyi fiye da kima. Bennett ya zaci mugunya ce ta shiga jinin, Virchow kuwa ya tsaya a kan cewa cuta ce mai zaman kanta, wadda aka sani yanzu da sankarar jini. A ƙarshen shekarun 1870 Paul Ehrlich ya ɗauko rinin da masana'antun Jamus ke yi domin tufafi, ya gano cewa kowane nau'in farar ƙwaya yana shan launi dabam, kuma daga nan aka iya rarrabe su a ƙirga. Tun kafin haka, a 1869, wani likita a Melbourne ta Ostareliya mai suna Thomas Ashworth ya ga ƙwayoyi a jinin wani mamaci waɗanda suka yi kama da na ƙarin da ke jikinsa, ya kuma yi hasashen cewa ta jini ciwon ke yaɗuwa. Hasashen daidai ne, amma sai a 2004, bayan shekara 135, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko mai ƙirga irin waɗannan ƙwayoyi.

Babbar nasara ta farko a Afirka aka same ta. A ranar 6 ga Nuwamba 1880, a asibitin soja na garin Kusantina a Aljeriya, likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya duba ɗigon jinin wani soja mai zazzaɓi, ya ga wata halitta tana motsi a tsakanin jajayen ƙwayoyi, a zamanin da ake jingina maleriya ga gurɓatacciyar iskar fadama. Har yau duba jini a kan gilashi shi ne ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyin gano maleriya da shi. A 1896 Georges-Fernand Widal ya fito da wata dabara a Faris: maimakon neman ƙwayar cutar taifot kanta, sai a nemi sinadaran garkuwa, wato makaman da jiki ke ƙerawa domin yaƙar ta, ta hanyar haɗa ruwan jini da ƙwayoyin cutar a ga ko za su dunƙule. A 1906 August von Wassermann ya yi makamancin haka ga tunjere a Balin, a 1910 kuma James Herrick a Chicago ya bayyana jajayen ƙwayoyi masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi daga tsibirin Grenada, bayanin da ya buɗe ƙofar sanin sikila. Amma tun a wannan mataki matsalar da za ta dabaibaye gwajin ciwon daji ta leƙo. Gwajin Wassermann yakan nuna tunjere ga mai maleriya ko kuturta wanda bai taɓa kamuwa da ita ba, gwajin Widal kuma yakan ɗaga ga wanda ya yi taifot shekaru da suka wuce ko yake zaune a inda cutar ta yawaita. Abin takaici ne cewa wannan gwaji mai shekara fiye da 120, wanda ƙasashe masu hali suka daɗe da ajiyewa, shi ne har yanzu ake dogara da shi a ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya, inda yake jawo wa mutane shan maganin taifot da ba su da buƙatarsa.

Ƙwayar maleriya baƙuwa ce, ganinta a jini kaɗai ya isa hujja. Ciwon daji kuwa ƙwayoyin jikin mutum ne da kansa suka kangare suna hayayyafa ba tsari, don haka kusan duk abin da suke fitarwa lafiyayyun ƙwayoyi ma suna fitar da shi, bambancin yawa ne kawai. Masu bincike sun kashe mafi yawan ƙarni na 20 suna neman abin da ake kira alamar ƙari, wato wani sinadari da yawansa a jini ke nuna akwai ciwon daji a wani sashe na jiki. A 1938 Alexander Gutman da Ethel Gutman a New York suka nuna cewa wani sinadari mai suna asid fosfatas yana ƙaruwa a jinin mazan da ciwon dajin furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya yaɗu a jikinsu, sai dai gwajin ba ya magana sai aski ya zo gaban goshi. Abin da ya sauya al'amura shi ne dabarar auna abu komai ƙanƙantarsa, wadda Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro a wani asibitin tsofaffin sojoji a New York a ƙarshen shekarun 1950, suna amfani da sinadaran garkuwa da kuma sinadarai masu fitar da tiriri wajen auna insulin, aikin da ya ba Yalow kyautar Nobel a 1977. Bayan haka alamomi suka yi ta fitowa. Garri Abelev a Mosko ya gano AFP, furotin da ɗan tayi ke samarwa, a jinin ɓerayen da ke da ciwon dajin hanta a 1963, Yuri Tatarinov ya tabbatar da shi a mutane a shekarar da ta biyo, sannan a 1965 Phil Gold da Samuel Freedman a Montreal suka gano CEA a ciwon dajin babban hanji. An yi murna ƙwarai da CEA, har aka fara zaton an samu gwajin da za a yi wa kowa, amma ba a jima ba aka ga yana hawa a jinin mashaya taba da masu ciwon hanta, yana kuma yin shiru a yawancin ƙananan ƙari. Ya ƙare a aikin da ya fi ƙanƙanta amma mai amfani, wato bibiyar wanda aka riga aka yi wa tiyata domin a ga ko ciwon ya dawo.

Babu alamar da ta koya wa likitoci darasi mai tsada kamar PSA, furotin da furostet ke fitarwa. Wata tawaga a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo ta tace shi a 1979, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi wajen bibiyar masu ciwon a 1986, sannan a 1994 ta amince a yi amfani da shi wajen neman ciwon a jikin mazan da ba su da wata alama. Miliyoyin maza suka shiga yin gwajin duk shekara, adadin waɗanda aka ce suna da ciwon ya yi tashin gwauron zabi a farkon shekarun 1990. Matsalar kashi biyu ce. Na ɗaya, PSA yana hawa saboda kumburin furostet na tsufa ko wata cuta mai sauƙi, don haka ake yi wa maza da yawa gutsurar nama da allura ba a sami komai ba. Na biyu, wanda ya fi wuyar fahimta, shi ne cewa yawancin ciwon dajin furostet yana girma a hankali sosai, ta yadda tsoho zai mutu da shi a jikinsa ba tare da ya taɓa damunsa ba, amma da zarar an gano shi, da wuya likita ko majiyyaci ya iya haƙurin barinsa, tiyata ko ƙona shi da haske kuwa kan bar namiji da kasa riƙe fitsari ko rashin ƙarfin mazakuta. A 2009 aka fitar da sakamakon manyan bincike biyu: na Amurka bai ga raguwar mace-mace ba, na Turai ya ga raguwar kusan kashi 20 cikin 100, amma ya ƙiyasta cewa sai an gwada maza 1,410, an kuma yi wa ƙarin 48 magani, kafin a ceci rai ɗaya. A 2012 kwamitin Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya ce a daina gwajin ga masu lafiya, a 2018 kuma ya sassauta, ya ce mazan da ke tsakanin shekara 55 da 69 su yanke shawara tare da likitansu. Ya kamata a lura cewa wannan muhawara ta ƙasashen da gwaji ya yi wa yawa ce. A Afirka ta Yamma, inda maza ke cikin waɗanda haɗarin ciwon ya fi yawa gare su, mafi yawan marasa lafiya sukan isa asibiti ne bayan ciwon ya shiga ƙashi, kuma ɗauko hukuncin Amurka a ɗora musu kai tsaye kuskure ne.

Labarin CA-125, alamar da Robert Bast ya bayyana a Boston a 1981 dangane da ciwon dajin gidan ƙwai na mace, ya fi ɗaure kai. Wani bincike a Birtaniya ya ɗauki mata fiye da 200,000 masu shekara 50 zuwa 74, aka bi su kimanin shekara 16, kuma sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna cewa gwajin jini na shekara-shekara ya gano ciwon da wuri a wasu mata, amma adadin waɗanda ciwon ya kashe bai ragu ba. A nan ne ake ganin yaudarar da ke cikin ƙididdigar tsawon rayuwa bayan ganowa: idan gwaji ya gano ciwo shekara uku kafin lokacin da zai bayyana, amma majiyyaciya ta rasu a ranar da dama za ta rasu, takarda za ta nuna ta rayu ƙarin shekara uku, alhali abin da ya ƙaru shi ne tsawon zamanta da sanin tana da ciwon. Tun a 1968 James Wilson da Gunnar Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idojin gwada masu lafiya, inda suka shardanta cewa dole a sami maganin da ke aiki da kuma wurin yin sa ga duk wanda aka gano, sharuɗɗan da ake yawan mantawa da su duk lokacin da sabon gwaji ya fito.

Hanyar da ake yayi a yau ta samo asali ne daga wata gajeriyar takarda da ba wanda ya kula da ita. A 1948 Mandel da Métais a Faransa suka ba da rahoton cewa akwai sinadaran gado suna yawo a ruwan jini ba a cikin ƙwaya ba. Daga baya aka fahimci cewa duk ƙwayar da ta mutu tana zubar da gutsattsarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da rubutun gado, kuma jiki yana share su cikin 'yan sa'o'i. A 1977 aka nuna cewa sun fi yawa a jinin masu ciwon daji, a 1989 Maurice Stroun da Philippe Anker a Janeba suka kawo hujjar cewa wasunsu daga ƙarin suke, a 1994 kuma aka kama ainihin gurɓacewar gado irin ta ƙari a cikinsu. Wannan ya bambanta da alamomin furotin, domin a karon farko ana neman abin da lafiyayyar ƙwaya ba ta da shi. Amma ta ɓangaren masu juna biyu ne fasahar ta fara shiga asibiti. A 1997 Dennis Lo, masani ɗan Hong Kong, ya nuna cewa DNA na ɗan tayi yana cikin jinin uwa, daga 2011 kuma aka fara sayar da gwajin da ke duba lafiyar tayi ba tare da soka allura a mahaifa ba. Cikin dubban samfura sai aka riƙa cin karo da 'yan sakamako masu ban mamaki waɗanda ba su dace da jaririn ba, kuma wani rahoto na 2015 ya nuna cewa a cikin samfura fiye da 125,000 akwai mata goma da ciwon daji ne a jikinsu ya rikita gwajin. Daga wannan lura kamfanin Illumina ya kafa kamfanin Grail a 2016 domin neman ciwon daji a cikin jini.

Inda aka yi wa jini tambaya ƙarama, amsarsa ta yi kyau. A 2016 hukumar Amurka ta amince da gwajin jini mai neman gurɓacewar gado a sashen da ake kira EGFR a masu ciwon dajin huhu, domin a san wanda wani rukunin magani zai yi wa aiki ba tare da an sake gutsurar huhunsa ba. A Hong Kong, inda ciwon dajin bayan hanci ya yawaita kuma yake da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, an gwada maza 20,174 ana neman DNA na ƙwayar a jininsu, aka gano ciwon a 34, kusan kashi 70 cikin 100 a matakin farko ko na biyu, kamar yadda aka wallafa a 2017. Babbar tambaya kuwa, wato ko kwalbar jini ɗaya za ta iya tona kowane irin ciwon daji a jikin mai lafiya, ita ce mai wuya, domin ƙaramin ƙari yakan ba da ƙasa da gutsure ɗaya cikin dubu na DNA da ke jini, tamkar neman 'yan ƙwayoyin dawa a buhun gero, ga shi kuma fararen ƙwayoyin jinin tsofaffi sukan ɗauki gurɓacewar da ke kama da ta ƙari ba tare da ciwo ba. Ana auna irin wannan gwaji da ma'auni biyu: ƙarfin kamawa, wato cikin masu ciwo ɗari nawa yake ganowa, da ƙarfin wankewa, wato cikin masu lafiya ɗari nawa yake sallama. Gwajin Galleri na Grail, wanda aka fara sayarwa a 2021 kan dala 949, ya nuna ƙarfin wankewa na kashi 99.5 cikin 100, ƙarfin kamawa kuma kusan kashi 90 a mataki na huɗu amma ƙasa da kashi 17 a mataki na ɗaya, wanda shi ne matakin da tiyata ta fi warkarwa. A wani bincike na mutum 6,621, gwajin ya ɗaga ga 92, aka tabbatar da ciwon a 35, sauran 57 suka sha hotuna da zullumi kafin a wanke su. Hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauki mutum kusan 140,000 daga 2021 domin auna amfaninsa, kuma wannan ita ce hanyar da ta dace, domin darasin CA-125 ya nuna cewa ganowa da ceto abubuwa biyu ne. Ɗokin jama'a a kan wannan fage ya kai har ya zama hanyar damfara, kamar yadda aka gani a kamfanin Theranos, wanda ya yi iƙirarin yin ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jinin yatsa, aka yi masa ƙimar dala biliyan 9 a 2014, asirinsa ya tonu a 2015, aka kuma yanke wa shugabarsa Elizabeth Holmes ɗaurin fiye da shekara 11 a 2022.

Idan aka auna da rayukan da aka ceta daga ciwon daji, gwajin jinin da ya fi kowanne daraja ga mutanen Afirka ta Yamma tsoho ne kuma mai araha, kuma ba ciwon daji yake nema ba. A 1965 Baruch Blumberg ya ba da rahoton wani furotin da ya samu a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, wanda bayan 'yan shekaru aka gane ɓawon ƙwayar cutar hanta nau'in B ne, aka kuma fara tace jinin da ake ƙara wa marasa lafiya da shi a farkon shekarun 1970. A 1981 Palmer Beasley ya wallafa sakamakon bibiyar maza 22,707 a Taiwan, wanda ya nuna cewa haɗarin ciwon dajin hanta ga masu ɗauke da ƙwayar ya ninka na sauran mutane fiye da sau 200 a ƙiyasin farko. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 an ga ciwon ya ragu a yara, Gambiya kuma ta fara nata dogon bincike a 1986. A yankin da gubar aflatoksin, wadda ke fitowa daga gyaɗa da masara masu funfuna, take haɗuwa da ƙwayar ta ƙara haɗarin, ciwon dajin hanta yakan kashe maza tun suna shekara talatin ko arba'in, suna tsakiyar ɗaukar nauyin iyali. Wanda aka gano yana ɗauke da ƙwayar ana iya ba shi maganin da ke danne ta idan yana buƙata, a yi wa matarsa da 'ya'yansa rigakafi, a kuma riƙa duba hantarsa da hoto duk wata shida, sau da yawa tare da auna AFP, wanda a nan ya sami aikin da ya dace da shi. Dokar gwaji kafin aure da jihar Kano ta kafa a 2024 ta sanya ciwon hanta nau'in B cikin abubuwan da ake dubawa, tare da rukunin jini na sikila da cuta mai karya garkuwar jiki, don haka matasa da yawa za su karɓi wannan sakamako a karon farko daf da bikinsu, kuma amfaninsa gare su ya rataya ne a kan samun likitan da zai yi musu bayani da asibitin da zai ci gaba da bibiyarsu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, kimanin miliyan 65 a Afirka, kuma kashi 13 cikin 100 ne kawai aka gwada suka san halin da suke ciki.